Bazarar Yerwa Tana Jiran Masu Ɗaukar Fim

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maiduguri ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan bazara. Daga tsakiyar watan Maris, sa'ad da hazo ya janye, har zuwa faɗuwar ruwan fari a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, awon zafi a babban birnin Jihar Barno yakan kai digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun ma ya zarce haka. A harshen Kanuri wannan lokaci yana da sunansa na musamman, watau "be", wanda aka bambanta shi da lokacin sanyi da kuma damina.

Abu na farko da zafin yake yi shi ne korar mutane daga ɗaki. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe ɗakin kwano ya zama tanderu, sai magidanta su ɗauko tabarmi su nufi gindin dogon-yaro. A nan masu ɗinkin hular Zanna Bukar suke zama da allura da zare, a nan ake cinikin fili, a nan ake sulhunta maƙwabta, a nan kuma ake fara tsegumin da zai raba su. Masu tura kurar ruwa, waɗanda mutanen garin suke kira mai moya, suna ta kaiwa da komowa da jarkoki tun asuba. Da rana ta take tsaka sai lungunan Shehuri da Hausari da Gwange su yi tsit, kamar an yi shara. Bayan la'asar garin ya farfaɗo. Da dare kuwa maza da samari su shimfiɗa a ƙofar gida, mata da yara a tsakar gida, kowa yana jin tarin maƙwabcinsa da kukan jaririnsa da abin da rediyonsa yake faɗi. Abin da ake yi cikin ɗaki a watan Disamba, a filin Allah ake yinsa a watan Afrilu.

Irin wannan zama, inda unguwa guda take baje kolin rayuwarta a waje, shi ne abin da masu shirya fim a ƙasashe da dama suke nema ruwa a jallo. Wasunsu har gina unguwa suke yi da katako domin su same shi. Ga shi kuwa a Yerwa kyauta, shekara bayan shekara.

Ba wai kyamara ba ta san hanyar Maiduguri ba ce. Tun daga rikicin watan Yulin 2009 babu wani birni a Arewa da 'yan jaridun duniya suka ɗauki hotonsa kamar wannan. Amma fa hotunan kusan iri ɗaya ne: motar soja a shingen bincike, hayaƙi yana tashi, layin mata riƙe da kwanuka a sansanin gudun hijira. Babu ƙarya a cikinsu. Sai dai wanda ya san garin ta nan kaɗai zai zaci mutanensa ba su da wani aiki sai gudu da jiran tallafi, ba zai taɓa sanin cewa akwai dattijon da ya shekara arba'in yana zama a gindin itace guda ba, ko kuwa cewa a wannan gari inuwa dukiya ce da ake gado.

ZAFI BA SHI DA HOTO

Wahalar ita ce zafi ba ya fitowa a hoto. Ruwan sama ana ganinsa, hazo ana ganinsa, amma rana mai digiri 30 da mai digiri 44 duk ɗaya suke a idon kyamara. Mai fim ba shi da hanyar nuna zafi sai ta abin da zafin yake sa mutane su yi.

Wanda ya fi shahara wajen warware wannan matsala shi ne Spike Lee, baƙar fatan Amurka, cikin fim ɗinsa mai suna Do the Right Thing na shekarar 1989. Labarin duka na yini guda ne, yinin da ya fi kowanne zafi a shekarar, kuma a kan layi guda aka ɗauke shi, a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Brooklyn cikin birnin New York. Lee da mai ɗaukar hotonsa, Ernest Dickerson, sun yi dabaru masu sauƙi ƙwarai. Sun guje wa shuɗi da kore, launukan da suke sanyaya ido, suka cika fim ɗin da ja da rawaya da ruwan goro. Sun sa an shafe wani bango da jan fenti, suka zaunar da dattawa uku a gabansa ƙarƙashin laima, ba su da aikin yi sai sharhi a kan duk wanda ya gifta. A wasu wuraren sun kunna wuta a ƙasan idon kyamara domin iska ta riƙa rawa kamar kawalwalniya. Yara suka buɗe famfon 'yan kwana-kwana suna wanka a titi. Wata dattijuwa tana zaune a tagarta tun safe, babu abin da yake wuce ta.

Mutumin Yerwa da ya kalli fim ɗin zai gane waɗannan dattawa uku nan take, domin majalisa ce irin wadda ya baro a bakin layinsu. Zai kuma gane yadda labarin yake tafiya. Gardama ce ƙarama ta faro shi, a kan hotunan da wani Ba'italiye mai sayar da abinci ya liƙa a bangon shagonsa, waɗanda babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, alhali baƙaƙen fata ne masu yi masa ciniki. Da safe maganar ta tsaya a cacar baki. Kafin dare ya raba, 'yan sanda sun shaƙe wani saurayi har lahira, an kuma ƙone shagon ƙurmus. Lee bai ce zafi ne ya yi kisan ba. Ƙiyayyar tana nan tun da daɗewa. Abin da zafin ya yi shi ne ya fito da kowa waje, ya hana kowa barci, ya rage wa kowa haƙuri, har abin da ake haɗiyewa kullum ya ƙi haɗiyuwa a ranar.

Shekaru 35 kafin wannan, Alfred Hitchcock ya yi amfani da zafi ta wata fuska cikin Rear Window na 1954. Wani mai ɗaukar hoto ne ya karye a ƙafa, yana zaune a ɗakinsa yana kallon maƙwabta. Saboda tsananin zafi kowa ya bar tagarsa a buɗe, wasu ma'aurata ma a matakalar ƙarfe ta bayan bene suke kwana, har ruwan sama ya kore su da tsakar dare suna jan katifa. Ta haka ya gano cewa wani maƙwabci ya kashe matarsa. Ba don zafin ba da labule ya rufe labarin tun daga farko.

MAƘWABTA SUN RIGA

Wani zai ce ai waɗannan Amurkawa ne masu kuɗi da kayan aiki. To, ba sai an tsallake teku ba. Daga Maiduguri in aka bi ta Dikwa da Gamborun Ngala aka ratsa arewacin Kamaru, tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba za a isa Injamena, babban birnin Chadi. Rana ɗaya ce take dukan garuruwan biyu, ginin ƙasa iri ɗaya, lafaya iri ɗaya, Larabcin Shuwa ana jinsa a kasuwannin nan da can. A wannan birni ne Mahamat-Saleh Haroun ya ɗauki fina-finan da suka kai sunan Chadi manyan bukukuwan silima na duniya.

Fim ɗinsa Daratt na 2006, wanda aka fassara sunansa da "Rani", shi ne ya fi kusa da abin da ake magana a kai. Gwamnati ta ba da sanarwar afuwa ga duk waɗanda suka yi ta'asa a yaƙin basasa. Wani tsoho makaho ya ji sanarwar a rediyo, sai ya ɗauko bindiga ya damƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, ya ce ya tafi birni ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe ubansa. Yaron ya iske Nassara ya zama mai gidan burodi, yana raba wa yara sadakar burodi a ƙofar gidansa kowace safiya. Maimakon ya harbe shi, sai ya karɓi aiki a wurinsa. Yawancin fim ɗin a gaban tanderu ake yinsa: mutum biyu suna kwaɓa fulawa, gumi yana zuba, magana ba ta fi a ƙirga ba. Haroun bai yi amfani da jan fenti irin na Lee ba. Farin hasken da yake kashe ido ya bari, da bango mai launin ƙasa, da lungu wanda babu kowa a cikinsa, da dogon shiru. Mai kallo yana jin nauyin ranar a kafaɗarsa, yana kuma jin nauyin bindigar da take cikin aljihun yaron. A ƙarshe Atim ya kai Nassara gaban kakansa a cikin hamada, ya yi harbi a iska, ya bar makahon da zaton an cika masa burinsa.

A watan Afrilun 2006 ake cikin ɗaukar wannan fim, a tsakiyar bazara ke nan, 'yan tawaye suka auka wa Injamena, aikin ya tsaya cik. Da ƙura ta lafa aka ci gaba, fim ɗin kuma ya sami lambar yabo ta musamman ta alƙalai a bikin Venice na ƙasar Italiya a shekarar. Bayan shekara huɗu wani fim ɗin nasa, labarin wani tsohon gwanin ninƙaya mai kula da wurin wanka na otal wanda ya miƙa ɗansa ga yaƙi, ya sami lambar alƙalai a bikin Cannes na Faransa.

Tambayar da Daratt ya yi, watau yadda mutum zai zauna unguwa ɗaya da wanda ya kashe masa uba bayan hukuma ta ce an yafe, ba baƙuwa ba ce a Barno, inda aka karɓi dubban tubabbun mayaƙa tun daga shekarar 2021. Maƙwabci ya riga ya nuna cewa ana iya yin irin wannan tambaya da gidan burodi guda da 'yan wasa ƙalilan.

FALO DA LABULE

Fina-finan Hausa kuwa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano cikin 1990, sun yi yawan da ba za su ƙirgu ba. Amma da wuya a kalli ɗaya a iya faɗin watan da labarin ya faru. Yawanci a falo ake, an saki labule, jarumi yana cikin shadda mai sitati, jaruma ta sha kwalliya, babu ɗigon gumi a goshin kowa. In an fita waje to lambu aka je rawa. A duniyar waɗannan fina-finai babu bazara, babu hunturu, wutar lantarki ma ba ta ɗaukewa sai in labarin yana bukatar ɓarawo.

Akwai dalilai, kuma ba dukansu ne na lalaci ba. Hasken tsakar rana a ƙasar nan yana da wuyar sarrafawa: in aka daidaita kyamara domin fuskar wanda yake inuwa ta fito, sai bayansa ya yi fari fat, in aka daidaita ta domin titi, sai fuskar ta yi duhu. Ɗauka a titi tana tara 'yan kallo, ga ƙarar janareto da ta babura tana shiga sauti, ga neman izini. Falon da aka ara kuwa ana gama fitowa goma a cikinsa yini guda. Sa'an nan 'yan kasuwa sun daɗe da imani cewa talaka ba ya son ya biya kuɗi ya kalli wahalar da ya baro a gida. Wannan zance na ƙarshe dai shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda aka fara a 2015, ya ƙaryata shi, domin a zaure da teburin mai shayi da tsakar gidan haya aka gina shi, jama'a kuma suka rungume shi hannu bibbiyu.

Abin lura ne cewa Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a watan Janairun 2024, a Maiduguri aka haife shi cikin 1974. Hukumar tana da makarantar koyon aikin fim a Jos. Ɗalibin da yake neman abin da zai ɗauka domin kammala karatunsa ba ya bukatar ya ƙago labari in ya san hanyar Bulumkutu.

BAZARA CIKIN DOKAR HANA FITA

Labarin da ya fi kowanne nauyi shi ne na shekarun da aka haɗa wa mutanen garin zafi biyu. Al'adar bazara gaba ɗaya a kan fita waje aka gina ta, rikicin kuwa fita wajen ya hana. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, Keke Napep ta maye gurbinsa. A tsakiyar watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan wayar salula, aka kuma sa dokar hana fita ba dare ba rana a wasu unguwanni. Watan Mayu fa, lokacin da ɗakin kwano ba ya shiguwa ko da tsakar dare. Magidancin da ya saba kwana a dakali tun yana saurayi ya koma ɗaki da iyalinsa ya ja ƙofa, a daidai lokacin da ma'aikatan lafiya suke gargaɗi kowace shekara cewa cunkoso a ɗaki shi ne abokin sanƙarau. Majalisar dare ta mutu. Gidajen kallon ƙwallo, waɗanda suka gaji tsofaffin silimu marasa rufi, su ma suka zama abin tsoro, musamman bayan harin da aka kai unguwar Ajilari ranar 20 ga Satumba, 2015, wanda ya haɗa da wani gidan kallo.

Sai kuma shekarar 2021. A watan Janairu aka tayar da bam a turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu, garin ya shiga duhu. Aka gyara a ƙarshen Maris, jama'a suka yi murna, bayan 'yan kwanaki aka sake kayar da turakun. Azumin shekarar ya kama ranar 13 ga Afrilu, a ƙoƙoluwar bazara, babu fanka, babu firji, injinan rijiyoyin burtsatse sai da man da ya yi tsada. Ƙanƙara ta zama abin da ake wa layi kafin magariba. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa ya gina wa garin.

Mai fim da ya san aikinsa ba ya bukatar fashewar bam ko ɗaya domin ya ba da wannan labari. Yaro guda da aka aika sayen ƙanƙara da la'asar, ya bi layi, ya samu, yana gudu da ita tana narkewa a leda kafin a kira salla, ya isa fim. Sauti ma yana da nasa aikin: shirun azahar da kukan kurciya, ƙarar jarkoki a kan kura, ihun yara na unguwa guda in an kawo wuta.

Akwai waɗanda suka fara share hanya. A shekarar 2015 Fati Abubakar, 'yar asalin garin wadda ta karanta aikin jinya, ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum tana sa su a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, amare, tsofaffi cikin adonsu. A 2018 kuma Joel Kachi Benson ya ɗauki In Bakassi a sansanin gudun hijira na Bakassi da ke cikin garin, irin fim ɗin nan da ake kallo da tabarau na musamman, mai kallo ya waiga ko'ina ya ga kamar yana tsaye a wurin. Shi ne kuma ya ci lambar yabo a Venice cikin 2019 da fim ɗinsa a kan Chibok. Na farko hoto ne marar motsi, na biyu kuma sansani ne ba unguwa ba, amma dukansu sun nuna cewa in aka zo da ladabi mutanen Yerwa ba sa gudun kyamara.

Rabin labarin dai yana can inda namiji baƙo ba ya shiga. Wurin da ya fi ko'ina zafi a unguwa shi ne madafa, inda mace take tsaye a kan wutar itace da azahar tana tuƙi, ko tana suyar buɗa-baki alhali ita ma da azumi a bakinta. Ita ce mai lissafin jarka nawa za ta isa wanka da wanki da girki, ita ce mai jiƙa zane ta lulluɓa wa jariri mai ƙurajen zafi. Wannan sashe sai mata sun riƙe kyamara da kansu za a gan shi.

ABIN DA BA YA JIRA

Dalilin gaggawa shi ne abin da za a ɗauka ba ya tsayawa wuri ɗaya. An kafa Yerwa ne a 1907, sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa, dogon-yaro kuma an shigo da shi lardin Barno a 1928. Manyan itatuwan da suka ba garin kamanninsa sun tsufa, wasu an sare domin faɗaɗa titi ko gina shago, sababbin unguwannin bayan gari kuwa bulo ne da kwano a fili fetal. Sansanin Bakassi da Benson ya ɗauka an rufe shi a ƙarshen 2021. Babbar kasuwar Monday Market ta ƙone ranar 26 ga Fabrairu, 2023, wadda aka sake ginawa ba ita ce ta da ba. Ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Shehuri da Gamboru har fadar Shehu, ya rushe gidajen ƙasa masu yawa waɗanda zaurukansu suka fi kowane falo sanyi.

Zafin shi kansa ƙaruwa yake yi. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 awo ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibiti a Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan. Masana yanayi da suka bincika sun ce ba don ɗumamar duniya ba da zafin bai kai haka ba. Dabarun da mutanen Barno suka gada na zama da rana, tun daga kaurin bango da randar da ake binnewa a yashi har zuwa sauya lokutan aiki, ilmi ne da wasu garuruwan za su bukata, kuma ba a rubuce yake ba.

Wanda ya yi niyyar ɗaukar wannan fim mako goma ne kacal a hannunsa kowace shekara. Da zarar Mayu ya yi nisa sai a wayi gari wata la'asar gabas ta yi ja, iska ta taso da ƙura ta rufe rana, masu tireda su hau tattara kaya, mata su kwashe shanya, samari su naɗe tabarmi su ruga zaure. In ruwan ya sauka, yara su fito tsirara suna tsalle a cikinsa, a daren kuma kowa a ɗaki zai kwana.